Jawabi Kan Ƙofar Roba Da Ta Ƙi Kulluwa

Mai girma Sarkin Hausawa, shugabannin ƙungiya, iyayenmu da 'yan'uwa 'yan kasuwa.

Da yawanmu mun sa ƙofar roba, wato uPVC, a shaguna da gidaje saboda daminar kudu ba ta ruɓar da ita kamar katako. To amma ran da ta ƙi kulluwa, wani a shago zai kwana yana gadin kaya.

Jama'a, kada mu sa ƙarfi. Ƙofar nan sai an ɗaga hannunta sama ƙugiyoyinta su shiga ramukansu, sannan makulli ya juya. In aka danne hannun da ƙarfi, injin cikin ne zai karye, gyara ya koma saye.

Mu fara gwada ta a buɗe. In ta kullu lafiya, kubar ba ta da laifi, ƙofar ce ta sauka ko zafin rana ya kumbura ta. A shafe ta da tsumma mai ruwan sanyi, a jira kaɗan. In ba ta daidaita ba, kafinta ya gyara zaman hinjinta.

In a buɗen ma ta ƙi, to ciwon yana ciki. A duba ko an bar makulli ta ciki. A goga bakin fensir a jikin makullin, ban da man ja, don ƙura yake tarawa. In gidan makullin ya mutu, sukuru ɗaya ke riƙe shi a gefen ƙofa. A cire, a je kasuwa da shi a sayo daidai tsawonsa.

Allah Ya tsare mana dukiyarmu.