Hotunan Jiragen Kwara: Kayan Ado Ko Shaidar Tarihi?



A ƙasashen Turai akwai mutanen da sha'awarsu ita ce tara tsofaffin hotunan jiragen ruwa masu tafiya da tururi. Suna sayensu a wurin gwanjo, su ƙawata ɗakunansu da su. Daga cikinsu akwai na kogunanmu, Kwara da Binuwai, kuma a kansu nake so mu yi tunani yau.

Jiragen farko da suka hau Kwara, a 1832, su ne Quorra da Alburkah, watau Kwara da Albarka. Ba su da hoto sai zane, domin sana'ar ɗaukar hoto ba ta bayyana ba sai 1839. Yawancin hotunan da ake tarawa na zamanin Kamfanin Neja ne, wanda ya sami izinin mulki daga Ingila a 1886, da na shekarun farko na mulkin mallaka, lokacin da ake buga su a katin aikawa ta gidan waya: ga jirgi a Lakwaja, ga wani a Baro.

To, jama'a, mai tarawa yana duba sunan jirgi da lafiyar takarda. Mu kuwa ya kamata mu duba gefen hoton. Wa ya saro itacen da aka jibge a gaɓa don hura tukunyar jirgin? Su wane ne 'yan dakon nan da ba a rubuta sunansu ba? Irin jiragen nan ne suka tsare kogi a yaƙin Bida na 1897, su ne kuma suke jiran cikar ruwa su hau zuwa Yola da Garwa, su sauko da amfanin gonar talakawa. Ashe hoton da wani ya rataye don ado, gumin kakanninmu ne.

Saboda haka ina roƙonku, in kun je hutu, ku binciki akwatunan dattawa. Wanda ya dace da irin hoton nan ya raba shi da danshi da gara da hasken rana, ya tambayi labarinsa tun masu sani suna raye, ya rubuta da fensir a bayansa. Kada ya yi gaggawar sayarwa, gama abin da ya ƙetare teku da wuya ya komo.

Allah Ya sa mu gane.