Baba ta Karo da Baturiyar da ta Zauna a Gabanta



Yau Giwa za mu nufa, a ƙasar Zazzau, ƙarshen shekarar 1949. Wani manazarcin al'adu ɗan ƙasar Jamaika, M. G. Smith, ya zo bincike kan rayuwar Hausawa. To amma kun san tsarinmu, baƙo namiji iyakarsa zaure. Duk abin da ke bayan wannan zaure, na haihuwa da kishi da zaman aure, ba shi da hanyar jin sa. Sai matarsa Mary, matashiyar Baturiya da ta koyi Hausa, ta shiga cikin mata. A nan Allah ya haɗa ta da wata tsohuwa, ungozoma, ana ce mata Baba.

An haifi Baba a 1877, a ƙauyen Karo. Ku lissafa, ta haura saba'in, ta yi jika da Mary. Ta girma a zamanin da mahara ke kama mutane su sayar, ta ga zuwan Turawa da idonta, ta yi aure huɗu, Allah bai ba ta haihuwa ba, amma ta yi riƙon 'ya'yan dangi, ta kuma yanke cibiyar jarirai masu yawa.

Abin da ke taɓa min zuciya shi ne yadda zaman nasu ya kasance. Zamanin mulkin mallaka ne fa, lokacin da Bature ke magana a saurara. A nan kuwa tsohuwa ce ke magana, mai boko tana rubutu kamar ɗaliba a gaban malama. Makonni suka yi a haka. Baba ta ba ta labarin bayi da rinji, wato ƙauyen bayi, da bori, da kunyar ɗan fari, da yadda mace ke ƙulla ƙawance har tsufa. Ku kanku shaida ne, tsohuwar Bahaushiya ba ta kwance wa kowa bakin jakarta, sai wanda ta yarda da shi.

Littafin da Mary ta rubuta daga wannan hira, mai suna Baba of Karo, ya fito a Landan a 1954, kuma har gobe ana karanta shi a jami'o'i. Baba ba ta gan shi ba. Ta rasu a 1951, shekara uku kafin a buga shi. Allah ya jiƙan ta.