Magani Ya Samu, Saura A Daure Da Sha

Wannan shi ne jawabin da wani jami'in kiwon lafiya ya yi wa ɗaliban azuzuwan yaƙi da jahilci a garin Maigatari, game da maganin cutar ƙanjamau. An buga shi ne domin malamai su karanta wa ɗalibansu.



Kowa ya san yadda Maigatari take cika ranar Alhamis. Fatake daga Jamhuriyar Nijar suna kawo shanu da raƙuma, manoman Gumel da Gagarawa da Sule Tankarkar suna kawo riɗi, direbobin manyan motoci kuma suna lodi zuwa Legas da sauran garuruwan Kudu. Wani idan ya bar gida sai ya yi wata bai dawo ba. Saboda irin waɗannan matafiya da iyalansu aka shirya wannan jawabi.

A shekarar 1986 aka fara ba da sanarwar ɓullar ƙanjamau a Nijeriya. A lokacin babu magani, shi ya sa ake yi mata laƙabi da "kabari salamu alaikum". A 1996 likitoci suka tabbatar cewa idan aka haɗa magunguna uku suna danne ƙwayar cutar, wato HIV. Gwamnatin Tarayya ta fara ba da su a 2002, kuma daga 2006 ta mai da su kyauta. Yanzu an haɗa ukun a ƙwaya ɗaya da ake kira TLD, ana sha sau ɗaya a rana. Tun 2016 ba a jiran sai mutum ya kwanta. Da zarar gwaji ya nuna cutar sai a fara ba shi.

To, yaya maganin yake aiki? Ita ƙwayar cutar tana shiga cikin sojojin da ke jini masu kare jiki, ta hayayyafa, ta kashe su. Idan suka ƙare sai tarin fuka da gudawa da rama su samu ƙofa. Maganin ba ya kashe ta baki ɗaya, hana ta hayayyafa yake yi. Kamar bijimi ne mai faɗa da aka ɗaure a turke. Muddin igiya tana nan, ba zai yi ɓarna ba. Ranar da aka kwance shi kuwa, sai abin da Allah Ya yi.

Nan ne matafiyi yake samun matsala. Mutum zai sha magani wata shida, jikinsa ya murmure, sai ya bi mota Kudu ya bar kwalbar a gida, ko ta ƙare masa a hanya. Wani kuma kunyar abokan tafiya ke hana shi sha. Idan ana sha ana fashi, cutar takan saba da maganin har ya daina yi mata komai. Daga nan sai an canza masa wani, wanda ya fi wuyar sha.

Saboda haka mai shirin tafiya ya fara zuwa asibitin da yake karɓar magani, ya gaya musu tsawon tafiyar. Wanda jikinsa ya daidaita akan ba shi na wata uku a lokaci guda. Ya riƙe katinsa a aljihu, domin idan magani ya yanke masa a wani gari ya nuna a babban asibitin wurin. Da azumi ya shawarci ma'aikacin lafiya a mai da masa lokacin sha bayan buɗa-baki. Kada kuma kowa ya ajiye maganinsa don mai talla da lasifika a kasuwa ya ce yana da na warkewa. Har yau babu shi.

Amfanin maganin bai tsaya ga mai shan sa ba. Wanda ya dage, galibi cikin wata shida cutar takan ragu har na'ura ta kasa ganin ta a jininsa. Mai irin wannan hali ba ya sa wa matarsa ta hanyar kwanciyar aure, muddin bai daina sha ba. Haka ma mace ga mijinta.

Mai juna biyu da ke ɗauke da cutar, idan ba ta shan magani, cikin jarirai 100 tsakanin 15 zuwa 45 sukan ɗauka. Idan tana sha, ba su kai 5 ba. Don haka magidanta su bar matansu su je awon ciki, su haihu a asibiti, a ba jariri nasa maganin na ruwa, a gwada shi yana da mako shida.

Wanda kuma aka yi wa fyaɗe, ko allurar da aka yi wa mai cutar ta soke shi, ya garzaya asibiti kafin awa 72. Akwai maganin kariya da zai sha na kwana 28.

Binciken da aka yi a ƙasa baki ɗaya a 2018 ya nuna mutum kusan miliyan 1.9 ne ke ɗauke da cutar a Nijeriya, kuma Jigawa tana cikin jihohin da ta fi ƙaranci. Wannan abin godiya ne, amma ba dalilin sakaci ba ne ga garin da ke bakin iyaka. Ba a gane mai ita da ido, sai da gwajin jini, wanda ba ya kai rabin awa.

Daga ƙarshe, a daina ƙyamar masu cutar. Ba a ɗaukar ta a musafaha, ko cin tuwo a kwano ɗaya, ko cizon sauro. Dokar ƙasa ta 2014 ta hana nuna musu bambanci a wurin aiki da makaranta. Tsoron gori shi ke sa mutum ya ɓoye kwalbarsa har ya daina sha. Wanda ya san ɗan'uwansa yana kan magani, ya rufa masa asiri, ya riƙa tuna masa idan lokacin sha ya yi.

Allah Ya ƙara lafiya, Ya kai matafiya gida lafiya.