Dogon Hutun Yara Da Damina

Na san da yawanku daga gona kuka fito, ko ƙafa ba ku wanke ba, saboda haka ba zan tsare ku da dogon zance ba.

Yau ba baƙi da wasali za mu yi ba. Maganar yara za mu yi. Nan da 'yan kwanaki za a rufe makarantun boko, a ba yara dogon hutu. Hutun nan yakan kama daga wajen ƙarshen Yuli har cikin Satumba, watau kamar mako shida. A ƙasar Turawa lokacin nan na shan iska ne, sanyi ya wuce, mutum yakan ɗebi iyalinsa su fita yawo. Mu kuwa a nan ƙasar Ungogo, tsakiyar damina yake samunmu. Ana maimai, marka ta kama, gero yana fid da kai. Uba yana gona, uwa tana fama da jiƙaƙƙen itace a murhu. To, yaro fa? Wa ya san inda ya wuni?

Ni na san inda yake wuni, domin ni ma na yi. Kududdufi yake zuwa.

Ina ɗan shekara goma, wata Alhamis muka tafi wanka da ƙanena a kududdufin bayan gari. Ya sa ƙafa a inda muka saba tsayawa da rani, sai gefen ya zabge da shi. Ban ji ya yi kuwwa ba. Hannunsa kaɗai na gani. Allah ya kawo wani mutum yana komowa daga gona, ya miƙa masa ƙotar fartanya, ya jawo shi. Har yau in na tuna sai jikina ya yi sanyi. Ku lura da wannan, yaron da ruwa yake ci sau da yawa ba ya iya kiran kowa, don bakinsa yana cikin ruwa.

Kun san yadda kududdufi yake samuwa. Rami ne da aka haƙi ƙasar gini a ciki, shekara da shekaru. Gefensa a tsaye yake kamar bango, ƙasansa kuwa taɓo ne mai riƙe ƙafa. Da ruwa ya cika shi, ba mai iya sanin inda zurfi ya fara. Ga kuma sababbin ramuka na masu ɗiban yashi, waɗanda bara ma babu su.

Ko yaro bai nutse ba, akwai abin da yakan ɗauko. Bayan wankan nan na shekara ina fitsarin jini. Abokaina suka ce ai alamar girma ce. Ba girma ba ne, tsargiya ce. Wata tsutsa ce ƙarama ƙwarai, ido ba ya ganinta. Tana girma a jikin 'yar katantanwa da ke cikin ruwan da ba ya gudu sosai. Ta fatar mutum take shiga, ba sai ya sha ruwan ba. In ta girma sai ta zauna a jijiyoyin mafitsara tana zuba ƙwai, shi ne jinin da ake gani a ƙarshen fitsari. Mai ciwon in ya yi fitsari a kududdufi, ƙwan ya koma ruwa, ya ƙyanƙyashe, ya sami katantanwa, abu ya sake dawowa sabo. Yaro mai tsargiya jininsa yana raguwa, yana gajiya, karatu ba ya shiga kansa. Akwai ƙwayar maganinta, wanda ya ga jini a fitsarin ɗansa ya kai shi asibiti. Kada wani ya ce wannan ciwon gado ne, ba ya ƙarewa. Haka aka ce da kurkunu, ga shi a 2013 an tabbatar babu shi a Nijeriya.

To, wani zai ce sai a hana su zuwa. An hana mu, da bulala ma, amma mun je. In ka hana yaro abu ba ka ba shi wani a madadinsa ba, ka koya masa satar hanya ne kurum. Abin da nake so mu yi shi ne mu shirya hutun nan kamar yadda muke shirya gona. Ba wanda yake jira sai ruwa ya sauka sa'an nan ya tafi neman iri.

Mu fara da safiya. Yaro ya bi ubansa gona, wannan daidai ne, amma kada a mai da shi ɗan ƙodago. Ka yanka masa gayauna, ko da kunya biyar ce. Yanzu ne lokacin shukar wake. Ka ce masa, "Wannan taka ce, abin da ta bayar naka ne." Za ka ga ya riga ka tashi. Yarinya a ba ta gefen danga ta shuka kuɓewa da rama, ko a ba ta kaza ɗaya ta kiwata. Mai talla kuwa a yanka mata lokacin komowa da unguwar da ba za ta wuce ba. Bayan haka ga makarantar allo da Islamiyya.

Bayan la'asar shi ne lokacin wasa, nan ne kuwa maganar take. Ina za su yi shi? Da can kowane ƙauye yana da dandali. Yanzu birni ya matso. Ku dubi Bachirawa da Rijiyar Zaki, inda tsofaffinmu suka san gonaki, yau gidaje ne a jere. Ana ta yanka fuloti, ba wanda yake yanka wa yara. Sai ka gan su suna ƙwallo a bakin titi, babura da motoci suna wucewa. Ku haɗu ku je wurin mai unguwa, shi kuma ya kai ku gaban dagaci. Ku roƙi wuri, ko filin makarantar firamare, tun da a rufe take. Ku share shi, ku tsince kwalba da ƙaya, ku cike ramuka.

Sa'an nan lalle a sami babba ɗaya a wurin kowace yamma. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka, sai a yi karɓa-karɓa. Nan iliminku zai yi rana. Ku sami takarda, ku ja layi bakwai, ku rubuta Asabar, Lahadi, Litinin, har zuwa Juma'a. Gaban kowace rana ku sa sunan mai tsaro. Ku manna ta a zauren mai unguwa. Wanda ya ce ya manta, a nuna masa sunansa, ya karanta da kansa. Alhamis da Juma'a ku sa mutum biyu, domin ranakun nan babu makarantar allo, yara a sake suke.

Wasan kansa ba ya bukatar ko kwabo. Akwai langa, akwai kokawa a kan yashi, akwai tsere. A yi unguwa da unguwa, a sa rana, wanda ya ci a ba shi dafaffiyar gyaɗa. 'Yan mata suna da gaɗa da carafke da 'yar tsana, a tsakar gida ko ƙofar gida inda iyaye mata suke jin muryarsu. Damina ce, yumɓu yana da laushi, ƙanana su gina shanu da tukwane. Amma babba ne zai ɗebo musu yumɓun, kada a aike su bakin rami.

Ni dai a cikin wasanni na fi son dara, kuma ina jin haushin yadda aka bar ta ga tsofaffi a gindin bishiya. Gurbi 30 ake tonawa a ƙasa, layi biyar, kowane layi gurbi shida. Kowa yana da 'ya'ya 12, wannan kara, wancan tsakuwa. In ka jera uku sai ka ci ɗaya na abokinka. Yaron da ya iya dara ya iya biyar sau shida, ya kuma koyi duba gaba kafin ya taɓa abu. Ranar da ruwa ya hana fita, a yi ta a zaure.

Da dare kuwa tatsuniya da kacici-kacici. Yanzu sai ka ga yara shida sun haɗa kai a kan waya ɗaya, kaka tana gefe ba mai tambayarta labarin Gizo da Ƙoƙi. Ban ce a fasa wayar ba. A ajiye ta dare biyu ko uku a mako. A yi hirar a ɗaki, don sauro ya yi yawa, wanda barci ya ɗauka a sa shi cikin gidan sauro. Ku kuma ga aikinku. Kowa ya rubuta tatsuniya ɗaya daga bakin tsohuwar gidansu. Wani Bature, Frank Edgar, ya sa malamai sun rubuta masa tatsuniyoyi da labarai, aka buga su littafi uku tsakanin 1911 da 1913. Shi baƙo ne ya yi haka. Ku na gida ne, kuma yanzu kun iya riƙe alƙalami.

Saura fita. Ko sau ɗaya cikin hutun nan a kai yara su ga wani abu. Ga Fanisau nan kusa da mu, a cikin ƙasarmu. Sarkin Kano Ibrahim Dabo, wanda ya yi sarauta daga 1819 zuwa 1846, ya zauna can lokacin yaƙinsa da Ɗan Tunku. Can ne Bature Kilafaton ya je gaisuwa a 1824. Gidan Sarki yana nan, dalilinsa ne ake da Hawan Fanisau bayan Salla. Yara nawa ne a nan suka san wannan? Ku fara gaida dagacin garin, ku roƙi wani dattijo ya ba su labari.

Mai ɗan hali ya kai su birni. Su hau Dala su hango Goron Dutse da iyakar gari. Su shiga Gidan Makama su ga kayan yaƙi da tsofaffin ƙyamaren ƙofofin Kano. Ko su je gidan namun daji na Audu Bako. A tambayi kuɗin mota da na shiga tun yanzu, a raba shi mako-mako, a riƙa jefawa a asusu. A dafa ɗanwake ko dambu daga gida, a ɗauki ruwan sha. Uwa ma tana da rabo a fitar nan, in maigida ya shirya sai a tafi tare.

Ranar tafiya, kowane yaro a rubuta sunansa da na ubansa da garinsu da lambar waya, a sa masa a aljihu. A ƙidaya su wurin hawa mota, a ƙidaya su wurin sauka, a sake ƙidayawa kafin a juyo. A dawo kafin hadarin yamma.

Ran Litinin in Allah ya kai mu, kowa ya zo da takarda. A sama ya rubuta sunayen yaran gidansa da shekarunsu. A ƙasa ya rubuta kududdufai nawa ne a unguwarsu, da wanda ya fi kusa da gidansa. Wanda rubutu ya ba shi wuya ya zo da wuri, mu yi tare. Ga ladan can ya fara kira, mu tashi.