Su Wa Za Mu Zaɓa a Kwamitin Lakwal? Mu Dubi Sana'ar Kowa

(Jawabin da wani ɗan ƙungiya, mushen lakwal, ya yi a taron wata-wata a unguwar Zariya, Maraɗi. Mun buga shi don ƴan uwa da ke ci-rani da waɗanda ke gida.)



Iyayenmu dattawa, malamai, iyayenmu mata, yayye da ƙanne, ina gaishe ku da zuwa. Waɗanda sunka taso daga gida tun da asuba, da waɗanda sunka rufe shago ko sunka jingine babur saboda wanga zama, Allah ya saka maku da alheri. Ni yaro ne a gabanku. Dattawa ne sunka ce in tashi in yi magana, don aikin lakwal nike yi.

A taron da ya wuce mun yanke shawarar kafa kwamiti cikin ƙungiyarmu wanda zai riƙa kula da lakwal ɗin garinmu, ya tara gudummawar ƴan ci-rani, ya san inda za a sa ta. Taro mai zuwa za mu zaɓi biro. To, sunayen da nike ji ana ambata kashi biyu ne kawai: ma'aikatan gwamnati masu jin Faransanci, da alhazai masu hannu da shuni. Dukansu mutanen kirki ne, kuma namu ne. Amma ina roƙon mu dakata mu yi tambaya guda kafin mu jefa ƙuri'a: wane aiki ne lakwal ke buƙata, kuma wa ya iya shi?

Ƙungiyoyi a ƙasarmu an tsara su da doka mai lamba 84-06 ta ran 1 ga Maris 1984. In za a kai takardar ƙungiya wurin hukuma, ana rubuta sunan kowane ɗan biro, a gefensa kuma a rubuta sana'arsa. Mu kan cika layin nan da sauri don a gama. A ganina shi ne layin da ya kamata mu fi daɗewa a kansa.

Wannan ba sabon abu ba ne a wurinmu. Ku dubi fadar Sarkin Gobir a Tibiri. Akwai Tara ta Gobir, akwai Inna da ke riƙe da sha'anin mata, kamar yadda Iya ke riƙe da shi a fadar Maraɗi. Ƙasa da su kuma ga sarautun sana'a: Sarkin Noma, Sarkin Maƙera, Sarkin Fawa, Sarkin Aski. In maganar ƙarfe ta taso, maƙeri ake kira. Kakanninmu sun san fada ba ta cika da mutane iri guda.

Kwamitin da za mu kafa ba zai tarar da fili wayam ba. Kowace lakwal ta gwamnati tana da nata kwamiti, wanda kunka sani da sunan Kojes (COGES), tun 2012 kuma ake rubuta shi CGDES. A cikinsa akwai wakilan iyaye, da wakiliyar mata, darekta kuma shi ne magatakarda. A 2004 wani shiri mai suna Lakwal Don Kowa, da taimakon ƙasar Japan, ya soma a jihar Tawa. Babban abin da ya kawo shi ne zaɓen ƴan kwamiti da ƙuri'ar asiri, maimakon a naɗa wanda ake jin kunya. Da anka ga amfaninsa, sai anka baza shi ƙasa duka wajen 2007. Namu kwamiti zai yi aiki ne kafaɗa da kafaɗa da Kojes na gida, ba zai ƙwace masa aiki ba.

Akwai wani gwaji da ya kamata ku ji. A ƙarshen 2007 an ɗauki lakwal 1000 a jihohin Tawa da Damagaram, anka ba kwamitocin 500 daga ciki kuɗi a hannu, saura ba a ba su ba, sa'an nan anka koma anka duba. Inda kuɗi ya shiga, iyaye sun ƙara himma, an gyara gine-gine, ƙananan yara sun fi tsayawa aji. Amma sakamakon jarrabawa bai motsa ba, fashin malamai ma ya ɗan ƙaru. An kuma lura cewa kwamitocin da ke da waɗanda sunka yi karatu su ne sunka fi samun ƙarfin halin bin sawun malamai. Darasi biyu ke nan. Kuɗi kaɗai ba ya koya ma yaro karatu. Kuma irin mutanen da ke zaune a kwamiti shi ke nuna abin da kuɗin zai iya.

To, ga yadda nike ganin kujerun, da irin sana'ar da ta dace da kowace.

Ta farko, shugaba. Aikinsa tara mutane da sasanta su. Wannan sai dattijon da ake jin maganarsa, wanda zai iya shiga wurin mai gari ba tare da an yi masa iso sau uku ba, wanda in mushe da uban yaro sun saɓa zai zaunar da su. Sharaɗinsa guda: ya zama mai kwana a gari, ko mai zuwa kowane mako. Shugaban da ke Yamai ko Kwatano sai dai labari ya iske shi.

Ta biyu, ma'aji. Nan ina roƙon maza su yi haƙuri su saurara. Tsarin asusun Mata Masu Dubara a nan jihar Maraɗi ya soma a 1991, tare da ƙungiyar CARE, daga nan ya bazu ƙasashe da dama na Afirka. Matan da yawancinsu ba su taɓa shiga aji ba suna zuba kuɗi kowane mako, suna ba da bashi, suna karɓa, suna rabawa a ƙarshen zagaye. Mai akwati daban, masu mabuɗi daban, kuɗi kuma a gaban kowa ake ƙirga shi. Macen da ta riƙe irin wannan akwati shekara da shekaru ba a ji kanta da kowa ba, ta riga ta ci jarrabawar ma'aji. Muna da irinsu a gari, muna da su nan Zariya.

Ta uku, magatakarda. Nan ne wurin mai karatun boko: malami, ko ɗalibin jami'ar Ɗan Dikko Ɗankulodo, ko ɗan kolejin da ya dawo gida. Amma ina ba da shawara a rubuta bayanin taro da Hausa, a karanta shi da ƙarfi kafin a watse. Tun 2025 dokar ƙasa ta ce Hausa ce harshen ƙasa, Faransanci kuma harshen aiki. A bar Faransanci ga wasiƙar da za ta ofishin sufeto. Takardar da mutum uku kaɗai ke iya karantawa, mutum uku ke mulki da ita.

Ta huɗu, mai binciken kuɗi. Wannan aikin ɗan kasuwa ne, wanda ya san farashin buhun siminti da kwano da alli a babbar kasuwa, wanda in an kawo masa rasit zai gane ko an ƙara masa gishiri. Ko kuma mutumin da ya taɓa riƙe littafin koperatif a gandarin Jiratawa. Gandarin nan, mai fiye da ekta 500, tun farkon shekarun 1980 manoma ke noma shi da ruwan famfo, kuma duk wanda ya yi aikin tara kuɗin ruwa a can ya san in ba a biya lantarki ba famfo zai tsaya, shuka ta bushe. Wanda ya saba da irin wannan lissafi ba a yi masa rufa-rufa. Kada kuma shi da ma'aji su fito gida guda.

Ta biyar, mai gini: magini, ko kafinta, ko mai walda. Ba wanda ya manta ran 8 ga Nuwamba 2021, da wuta ta kama azuzuwan zana a wata lakwal a nan cikin Maraɗi, yara fiye da 20 sunka rasu. A watan Afirilu na shekarar nan ɗin an yi irinta a Yamai. Allah ya jiƙansu, ya ba iyayensu haƙuri. Kowace shekara bayan kaka iyaye ke kafa rumfunan kara don azuzuwa ba su isa. In dole ne a kafa, akwai mai sanin tazarar da za a bari tsakanin rumfa da rumfa, da inda ƙofa za ta duba, da nisan da mai tuya za ta yi da wutarta. In kuma Allah ya hore mana gini, shi zai tsaya a kan bulo ya ga ko an cuce mu a siminti. Mu da munka yi Ekol Normal an koya mana shirya darasi, ba a koya mana wannan ba.

Ta shida, malamin makarantar allo ko liman. Yaron da ke gabana da hantsi, shi ne ke gaban malam da asuba da dare. In ba mu zauna tare mun raba lokaci ba, yaro ke wahala, uba kuma a ƙarshe ya cire shi daga ɗaya. Kalma guda daga bakin liman ran Juma'a a kan karatun ɗiya mata ta fi takarda goma daga ofis.

Ta bakwai, uwa, in da hali ungozoma ko mai aikin likita. Ana buɗe lakwal a Oktoba, lokacin da zazzaɓin cizon sauro ke kwantar da yara. Ita za ta san wane yaro ne ke kwance, wane ne aka tura talla. Akwai kuma abin da yarinya ƴar CM1 ko CM2 ba za ta taɓa faɗa ma namiji ba, kamar rashin makewayi mai ƙofa, alhali shi ne ke sa ta daina zuwa.

Ta takwas, manomi mai zaune a gari. Shi ya san makon da za a yanke gero, da makon roron wake da cirar gujiya, ya san lokacin da aji zai zama kango in ba a yi magana da iyaye ba. Shi ya san lokacin da za a nemi gudummawar damma mutane su bayar da daɗin rai, da lokacin da rumbu ya yi ƙasa ba a tambaya.

Ta tara, wakilin ƴan ci-rani. Direba ko ɗan kabu-kabu da ke bin hanyar gida kullum ya fi dacewa. Ƴan uwanmu da ke Kano, Legas, Abijan, Agadas da Libiya suna aiko kuɗi da gumin goshinsu. Hakkinsu ne a sami mai zuwa ya gani da ido, ya ɗauki hoto a waya, ya aika masu.

Yanzu za ku ce, ina munka bar ma'aikata da alhazai? Ba mu bar su ba. Ma'aikaci ya san ƙofofin ofis, ya san yadda ake rubuta takardar neman ƙarin malami ko tebura, ya san wanda za a gani a meri. Sai dai ba shi da ikon kansa: yau shina Maraɗi, gobe takardar canjin wuri ta kai shi Difa. A sa shi mai ba da shawara, kujerar da in ya tashi ba za ta rushe aiki ba. Alhaji kuwa, wa zai iya tashi cikin taro ya ce da mutumin da ya biya masa kuɗin magani bara, "Alhaji, ina rasit?" Kunya za ta hana, shi kuma a bar shi da zargin da bai ji ba bai gani ba. Mu girmama su da matsayin iyayen ƙungiya, su sa albarka, su bayar, akwati ya zauna wani hannu. Mu malamai ma kada mu wuce biyu a biro, kada kuma a ba mu kuɗi, domin kwamitin nan wata rana mu zai tambaya dalilin da aji ya kwana uku a rufe.

Wani dattijo zai ce, "Ɗana, ni ban san ko bihim ba, yaya zan duba aikin mushe?" Baba, kana iyawa. Kana iya ƙirga kwanakin da ƙofar aji ta buɗe cikin wata. Kana iya kiran jikanka ɗan CE2, ka miƙa masa littafinsa, ka ji ko harshensa na tafiya ko shina tsayawa a kowane baƙi. Binciken PASEC na ƙasashe masu aiki da Faransanci ya nuna a 2014 ko yaro 1 cikin 10 na ajin ƙarshe a Nijar bai kai matakin karatun da ake so ba. A 2019 an samu kimanin 3 cikin 10. An ci gaba, amma saura bakwai ɗin ɗiyan wani ne, wataƙila namu. Shi ya sa nike son mai karatu da marar karatu su zauna tabarma guda: ɗaya ya san abin da za a tambaya, ɗaya kuma in ya tambaya ana ba shi amsa.

Abin da nike roƙon taro ya amince da shi kafin ranar zaɓe shi ne wannan. Duk mai son kujera ya tashi ya faɗi sana'arsa, da inda shike kwana, da abin da ya taɓa riƙe ma jama'a. A yi ƙuri'ar asiri, ko da da tsakuwa da ƙwarya ne a bayan zana. Wa'adi shekara biyu. Kuɗin da ya wuce jika 25 kada ya fita sai da hannun mutum biyu. A karanta lissafi a gaban jama'a sau biyu a shekara, bayan kaka da kuma kafin hutun damina, a buga shi cikin wagga takarda tamu.

Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka. Waɗanda ke nesa, in takardar nan ta iske ku, ku aiko da sunan wanda kuke gani ya dace da kowace kujera ta hannun magatakardan ƙungiya kafin taro.

Allah ya raya mana ɗiyanmu, ya ba su ilmi mai amfani, ya ba mu shugabanni masu riƙon amana, ya maida kowa gidansa lafiya.