Gubar da Ke Kwance a Ƙarƙashin Rijiya

Jawabi ga jama'ar Nassarawo, Mubi



Maganar da ta tara mu yau ita ce ruwan ƙarƙashin ƙasa, watau wanda muke ja da guga ko da famfon burtsatse. Jama'a da yawa sun ɗauka muddin ruwa ya fito garau, ba wari, to, lafiyayye ne. Abin ba haka yake ba kullum.

Akwai wasu sinadarai masu narkar da maiƙo, waɗanda masana'antu ke wanke ƙarfe da injuna da su, masu wankin kaya na zamani kuma su cire tabo da su. Fitattu daga ciki su ne waɗanda masana ke kira TCE da PCE. Sun fi ruwa nauyi. Idan aka zubar da su, sai su nutse su wuce ruwan rijiya, su kwanta bisa dutse ko yumɓu, suna narkewa kaɗan-kaɗan shekara da shekaru. Masana'anta takan rufe, a sayar da filin, a gina gidaje, gubar kuwa tana nan tana bin ruwa zuwa rijiyoyin maƙwabta.

A 2012 hukumar binciken ciwon daji ta Ƙungiyar Lafiya ta Duniya ta tabbatar TCE na haddasa sankarar ƙoda. Dokar Amurka ba ta yarda ya wuce kashi 5 cikin biliyan a ruwan sha ba. Bisa wannan ma'auni, lita ɗaya tak ta isa ta ɓata ruwa kusan lita miliyan 300. A garin Wobun na Amurka an rufe rijiyoyin gari biyu a 1979 saboda wannan guba, an kuma sami yawan sankarar jini a tsakanin yaran unguwar.

Kada a ce wannan labarin nesa ne. A Kano, ƙazamin ruwan masana'antun Bompai ya daɗe yana kwarara cikin rafin Getsi zuwa Jakara, na Sharaɗa da Challawa kuma zuwa kogin Challawa. A Kakuri ta Kaduna, masaƙar da aka buɗe a 1957 ta rufe a 2002, wasu suka bi bayanta. A ƙasar Ogoni, binciken Majalisar Ɗinkin Duniya na 2011 ya sami sinadarin benzin a rijiyoyin Ogale ya ninka iyakar da aka yarda da ita sau 900, ya kuma ce gyara zai ci shekara 25 zuwa 30.

To, yaya ake gano ɓarnar? Akan haƙa ƙananan rijiyoyin gwaji kewaye da wurin, wasu ta inda ruwan ƙasa ke fitowa, wasu ta inda ya nufa. Akan ɗebi ruwan cikin kwalabe, a cika su maƙil a toshe don kada sinadarin ya tsere, a kai ɗakin gwaji. Akan maimaita rani da damina, domin awo ɗaya ba ya nuna ko gubar na yaɗuwa ko tana raguwa.

Wajen gyara kuwa, da farko sai a kwashe gurɓatacciyar ƙasa. Sa'an nan a riƙa zuƙo ruwan, a busa masa iska, a tace shi da gawayi na musamman. Wani wurin akan binne katangar garin ƙarfe a kan hanyar ruwan, wani wurin kuma a ciyar da ƙwayoyin halittar da ke karya sinadarin. Duka aiki ne mai cin kuɗi da shekaru. Gaskiyar Bahaushe, rigakafi ya fi magani.

Mubi ba ta da manyan masana'antu irin na Kano, amma akwai garejin makanikai, da masu fenti, da gidajen mai, ga kogin Yedzaram kusa da mu. Saboda haka muna roƙonku abubuwa huɗu.

Na ɗaya, kada a zuba tina, ko baƙin mai, ko fetur ɗin wanke inji a ƙasa, ko a kwata, ko a masai, ko a tsohuwar rijiya. A tara su cikin duro mai murfi.

Na biyu, kada a zuba ruwan sha a duron da aka taɓa ajiye sinadari a cikinsa.

Na uku, kafin a sayi fili ko a haƙa rijiya, a tambayi dattawan unguwa irin sana'ar da aka taɓa yi a wurin.

Na huɗu, idan ruwa ya sake ƙanshi ko ɗanɗano, a daina sha nan take. Alum da tacewa da ƙyalle ba su cire wannan guba, tafasawa a cikin ɗaki kuma takan mai da ita tururin da za a shaƙa. A sanar da duba-gari na ƙaramar hukuma, ko Ma'aikatar Muhalli ta Jiha, ko hukumar NESREA da aka kafa a 2007.

Tun bayan sharar gubar da aka jibge a Koko a 1988, Doka ta 42 ta wannan shekara ta mai da zubar da irin wannan shara babban laifi. Amma fa doka ba ta tsaye a bakin kowace rijiya. Ku ne kuke tsaye a wurin.

Allah Ya ba mu lafiya da zaman lafiya.