Jiyyar Yaro Mai Jiran Dashen Zuciya



A bakin Bahaushe zuciya takan yi fari, ta yi baƙi, ta ɓaci, ta yi sanyi, watau ita ce mazaunin hali da tunani. Don haka in aka ce za a cire zuciyar yaro a dasa masa ta wani, maganar takan yi wa kunne nauyi. A wurin likita kuwa zuciya tsoka ce mai harba jini, kuma takan gaza. Maƙasudin wannan lacca shi ne bayyana abin da jiyyar irin wannan yaro ta ƙunsa, tun daga ranar da aka sa sunansa cikin jerin masu jira.

Ran 3 ga Disamba 1967 Dokta Christiaan Barnard ya yi dashen zuciya na farko daga mutum zuwa mutum, a asibitin Groote Schuur na Afirka ta Kudu, majiyyacin ya rayu kwana 18. Bayan kwana uku Dokta Adrian Kantrowitz ya gwada aikin a kan jariri a Amurka, amma jaririn bai wuce 'yan sa'o'i ba. Babbar matsalar ita ce garkuwar jiki takan ɗauki sabuwar zuciya tamkar abokiyar gaba ta far mata. Sai da aka amince da maganin siklosforin a Amurka a 1983 sannan al'amura suka sake, har Dokta Leonard Bailey ya yi nasarar dasa wa jariri zuciya a Loma Linda cikin 1985. Har yanzu galibin wannan aiki a Amurka da Turai ake yin sa.

Abubuwa biyu ne suka fi kai yaro ga wannan matsayi: nakasar zuciya da aka haife shi da ita wadda tiyata ta kāsa gyarawa, da kuma ciwon da ke sa tsokar zuciya ta saki ta yi rauni. Jiran kuwa ba shi da ranar ƙarewa, domin tilas girman zuciyar da za a samu ya dace da ƙirjin yaron. Bugu da ƙari, zuciyar da aka cire ba ta jure fiye da kamar sa'a huɗu zuwa shida a cikin ƙanƙara. Wannan ya sa iyaye kan bar garinsu da sana'arsu su tare kusa da asibiti, waya a hannu dare da rana.

Aikin mai jiyya na farko shi ne ciyarwa. Jariri mai raunin zuciya yakan gaji yana shan nono, ya yi ta haki da gumi, har a koma ba shi abinci kaɗan-kaɗan, ko ta siririn bututun roba da ake zurawa ta hanci. Akan auna nauyinsa a kai a kai, domin ƙiba ta farat ɗaya alama ce ta taruwar ruwa a jiki. Akan ƙayyade masa gishiri da abin sha, a ba shi maganin sa fitsari a kan lokaci. Na biyu shi ne tsare shi daga cuta, saboda zazzaɓi mai ƙarfi na iya sa a ɗage aikin ko da an sami zuciya. Har ila yau akan yi ƙoƙarin kammala masa allurar rigakafi, musamman ta ƙyanda, tun kafin dashe, don bayansa garkuwar jiki za ta kasance a danne. In zuciyar ta ƙara gazawa akan haɗa shi da na'urar Berlin Heart, wadda Amurka ta amince da ita domin yara a 2011, ta riƙa taya shi harba jini na tsawon watanni.

Akwai kuma nauyin da ba a auna shi da sikeli. Iyaye sun sani sarai cewa ɗansu ba zai sami zuciya ba sai wani gida ya rasa nasa ɗan. Uwa takan ji kunyar addu'arta. Ya kamata a fahimtar da ita cewa jiranta bai jawo ajalin kowa ba. Kyauta ce wasu iyaye suka yi cikin baƙin cikinsu. Ta fuskar shari'a, Majalisar Fiƙihu ta Ƙungiyar Ƙasashen Musulmi ta tattauna mutuwar ƙwaƙwalwa a Amman cikin 1986, sannan a Jidda cikin 1988 ta halatta ɗaukar gaɓa daga mamaci bisa izininsa ko na magadansa, ta haramta sayarwa.

Shi kansa yaron yana da haƙƙin a gaya masa gaskiya gwargwadon hankalinsa, a bar shi ya yi wasa da karatu iyakar ƙarfinsa. 'Yan'uwansa da aka bari a gida su ma suna bukatar kulawa. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka: dangi su karɓi uwa ta huta, shugabannin ma'aikatu kuma su sassauta wa uba wajen hutu.

Daga ƙarshe, dashe ba warkewa ba ce gaba ɗaya, domin yaron zai sha magani muddin ransa. Amma yaron da ya isa ranar aiki da ƙarfinsa, ba cuta a jikinsa, ya fi samun damar tashi, kuma wannan ƙarfi daga hannun masu jiyya yake fitowa. Allah Ya ba marasa lafiya sauƙi, amin.